Daga Gwajin Jini Zuwa Zaɓen Magani: Yadda Ake Bi da Kansar Furostet

Motsin buta ne ya fara tona asirin Kawu. Matarsa ta ce tun tana ƙirga fitarsa cikin dare har ta daina: sau huɗu, wani daren sau biyar, kafin a kira assalatu. Idan ya shiga bayi sai ya daɗe, ya fito, bai gama gyara kwanciya ba ya sake miƙewa. Shekara guda cur yana haka bai gaya wa kowa ba, sai dai ya biya kemis a haɗa masa maganin sanyi, ko ya aiki yaro ya karɓo masa jiƙo. Ranar da fitsarin ya tsaya cak, mararsa ta kumbura ta yi tauri, yana gumi yana salati, ranar muka kai shi asibiti aka sa masa roba. Daga nan na zama ɗan rakiyarsa, ni ke riƙe fayil, ni ke bin layi. Abin da zan faɗa a nan shi ne abin da na gani da idona da wanda likitoci suka zaunar da mu suka fahimtar da mu, domin wanda zai bi wannan hanya, da kansa ko da mahaifinsa, ya san kwanar da ke gabansa kafin ya iso ta.

A rediyo da bakin mutane za ka ji ana cewa kansar mafitsara, amma sunan yana ɓatar da mutum. Mafitsara ita ce jakar da fitsari ke taruwa, kuma tana da tata kansar daban, wadda a ƙasarmu sau da yawa take da alaƙa da tsohuwar tsargiya. Wadda muke magana a kai tana kama wata 'yar ƙaluluwa ce da ke zaune daidai ƙasan mafitsara, girmanta bai wuce ƙwayar goro ba, kuma bututun fitsari ta tsakiyarta ya ratsa. Likitoci suna ce mata furostet. Maza kaɗai ke da ita, aikinta samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Idan shekaru suka ja, takan ƙara girma ta matse bututun, shi ya sa dattijo yake fama da fitsari mai fita da ƙyar, ko mai ɗiga, ko mai tashinsa cikin dare. Wannan kumburin tsufa ba kansa ba ne, kuma shi ne ya fi yawa nesa ba kusa ba. Abin da ya kamata mutum ya riƙe shi ne, kansar furostet a farkonta yawanci ba ta da wata alama ko kaɗan, domin takan fara ne daga gefen ƙaluluwar, nesa da bututun. Kawu yana da duka biyun. Kumburin ne ya toshe masa fitsari, shi ya kai mu asibiti, a can aka gano ɗayar da ke kwance shiru.

Mu baƙar fata abin ya fi shafarmu. A Ingila an ƙiyasta cewa namiji ɗaya cikin takwas zai gamu da wannan cuta a rayuwarsa, amma a cikin baƙaƙe ɗaya cikin huɗu ne. A Najeriya ita ce kansar da ta fi kama maza, kuma a shekarar 2020 kaɗai an ƙiyasta sababbin masu ita sun haura 15,000. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ta, haɗarinsa ya ninka fiye da sau biyu. Don haka a wajena, namijin da ya kai shekara 45 bai yi gaggawa ba idan ya je ya tayar wa likita da maganar gwaji, ko da lafiyarsa ƙalau.

Gwajin PSA da abin da ke rikita shi

Matakin farko ɗibar jini ne a hannu, kamar na maleriya. Ana auna wani sinadari da furostet ke fitarwa, sunansa PSA. An daɗe ana ɗaukar 4 a matsayin iyaka, ko da yake likita yakan duba shekarun mutum, domin abin da ya yi yawa ga ɗan shekara 50 yana iya zama daidai ga ɗan 75. A nan ne mutane da yawa suke shiga tashin hankalin da bai kamata ba. PSA ba ya cewa akwai kansa. Abin da yake cewa kawai shi ne wani abu yana damun furostet. Kusan uku cikin huɗu na mazan da lambarsu ta hau, idan aka bincika, ba a samun kansa. Haka nan akwai 'yan kaɗan da lambarsu take ƙasa amma cutar tana nan.

Abubuwan da ke ɗaga lambar ba tare da kansa ba suna da yawa: kumburin tsufa, ciwon sanyin mafitsara, toshewar fitsari, sa roba, kusantar iyali cikin kwana biyu kafin gwajin, doguwar tafiya a keke. Mu mun ɗanɗana wannan. Kwana biyu bayan an sa wa Kawu roba, wani ɗakin gwaji na kuɗi ya ɗebi jininsa ba tare da an tambaye mu komai ba, takarda ta fito da 31. Daren nan ba wanda ya runtsa a gidan. Da muka kai wa likitan mafitsara, sai ya ajiye takardar gefe ya ce, "Baba, wannan lambar ta wahalar da ka sha ce. Mu gama da ciwon sanyin, a cire roba, mu sake bayan mako shida." Da aka sake ta sauko 13. Har yanzu ta yi yawa, amma 13 da 31 ba hanya ɗaya suke kai mutum ba.

Saboda haka kafin a ɗebi jininka, ka gaya wa likita gaskiyar halin da kake ciki. Ka kuma kai masa duk magungunan da kake sha a leda, ya gani da idonsa. Akwai maganin kumburin furostet, finasteride da dutasteride, da ke rage lambar PSA da kusan rabi bayan an yi watanni ana sha. Mai shan su idan takardarsa ta nuna 3, to a lissafin likita kamar 6 ce. In da hali ka riƙa yin gwajin a wuri guda, domin yadda lambar ke hawa daga wata zuwa wata ya fi lamba guda ɗaya faɗin gaskiya.

Sai gwajin yatsa, wanda shi ne ke korar maza daga asibiti. Likita zai sa safar hannu ya shafa mai, mutum ya kwanta ta gefen hagu ya naɗe gwiwoyi, a sa yatsa ta dubura a shafa bayan furostet, a ji ko tana da laushi da santsi ko kuwa akwai wani ƙulli mai tauri kamar tsakuwa. Bai kai minti ɗaya ba. Kawu malamin makaranta ne da ya yi ritaya, mutum mai kamun kai, na ga yadda fuskarsa ta canja da aka yi masa bayani. Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, jira ni a waje." Na fita. Da ya fito bai ce komai ba sai da muka shiga mota, sannan ya ce abin da ya yi shekara yana gudu ke nan, ashe bai kai ciwon cire haƙori ba. Kana da haƙƙin ka nemi likita namiji, ka nemi a ja labule, ka nemi ɗalibai su fita idan asibitin koyarwa ne. Kunya adon mutum ce, amma lalura tana da hukuncinta, kuma malamanmu ba su hana neman magani ba.

Hoto da ɗibar tsoka

Idan lambar ta tsaya a sama, ko yatsa ya ji ƙulli, abin da ya fi kyau shi ne a yi hoton MRI kafin a taɓa furostet da allura. Mutum zai kwanta cikin wata na'ura mai kama da rami na wajen minti 30 zuwa 45, tana ƙara sosai, ba zafi. Mai ƙarfe a jiki ko na'urar bugun zuciya ya faɗa tun kafin a shigar da shi. Sakamakon yana zuwa da maki daga 1 zuwa 5: 1 da 2 hankali ya ɗan kwanta, 3 ana kokwanto, 4 da 5 akwai wurin da ake zargi sosai. Amfanin hoton biyu ne, yana iya kuɓutar da mutum daga allurar da ba ya buƙata, kuma idan za a yi, yana nuna wa likita inda zai nufa. Yana da tsada, kuma ba kowane gari ake samunsa ba. In bai samu ba, ba a fasa bincike saboda shi.

Tabbaci ɗaya ne tak: a ɗebo tsokar a duba ta a madubin likita. Wannan shi ne bayofsi. Ana shigar da wata 'yar na'urar hoto ta dubura, a yi allurar kashe zafi, sannan a harba siririyar allura ta tsinko tsoka kamar zare, yawanci sau 12, daga sassa daban-daban. Wasu asibitocin ta fatar da ke tsakanin maraina da dubura suke bi, kuma wannan hanyar ta fi ƙarancin kawo ƙwayoyin cuta. Ina zaune a bakin ƙofa ina jin ƙarar abin, ƙas, ƙas, kamar ana danna abin maƙale takardu a ofis, ina ƙirgawa da yatsu har 12. Kawu ya ce ƙarar ta fi zafin firgita shi, don haka yana da kyau mutum ya roƙi likita ya harba ta sau ɗaya a iska ya ji kafin a fara.

Kafin ranar, mai shan maganin tsinka jini, irin su warfarin da clopidogrel, ko asfirin, ya gaya wa likita, shi zai ce a tsaya ko a ci gaba. Kada mutum ya tsayar da kansa. Za a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sha shi daidai lokacin da aka ce. Bayan an gama, jini kaɗan a fitsari ko bayan gida na 'yan kwanaki ba abin tsoro ba ne, maniyyi ma yakan yi ja ko ruwan ƙasa har makonni, kuma wannan ba ya cutar da iyali, kansar ma ba a ɗaukarta ta kwanciya. Amma zazzaɓi da rawar sanyi a kwanakin farko, ko fitsari ya ƙi fita, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne. Kada a ce maleriya ce a tafi kemis. A koma asibiti a daren, a ce an yi bayofsi, domin ƙwayar cuta tana iya shiga jini cikin sa'o'i.

Sai jira. Mu mako uku muka yi, kuma a duk tafiyar ba abin da ya kai shi nauyi. Abin da ya taimaka mana shi ne tun ranar da aka ɗebi tsokar na rubuta lambar kwalbar da sunan ɗakin gwajin da ranar da aka ce mu dawo, na kuma ɗauki hoton kowace takarda a waya. Takarda takan ɓata tsakanin wannan ofis da wancan. Mu ma sai da aka nemi tamu aka rasa na kwana biyu, lambar nan ce ta fito da ita.

Karanta sakamako

Ranar karɓar sakamako kada mutum ya je shi kaɗai. Da zarar kunne ya ji kalmar kansa, sauran bayanin wucewa yake yi kamar iska. Ɗan rakiya shi ne zai riƙe biro. Abu uku za a tabbatar an fito da su a rubuce: lambar PSA, makin Gilisin, da matakin da cutar ta kai.

Makin Gilisin sunan wani likitan Amurka ne, Donald Gleason, wanda ya tsara shi a shekarun 1960. Mai duba tsokar yana ba da maki ga siffar da ta fi yawa, sannan ga wadda ke biye mata, a haɗa. Abin da ke ruɗa mutane shi ne a aikace mafi ƙanƙanta shi ne 6, wato 3+3. Mutum ya ji 6 cikin 10 sai ya ɗauka ya wuce rabi, alhali shi ne mafi sauƙi, mai tafiyar hawainiya. Bakwai kuma iri biyu ce: 3+4 ta fi 4+3 sauƙi, domin lambar farko ita ce mai rinjaye. Daga 8 zuwa 10 su ne masu saurin yaɗuwa. Saboda wannan ruɗani, tun 2014 aka fito da rukuni 1 zuwa 5: 6 ita ce rukuni na 1, 3+4 na 2, 4+3 na 3, 8 na 4, 9 da 10 na 5. Ka duba takardarka, sau da yawa za ka ga duka biyun.

Mataki kuwa yana nufin ina cutar ta tsaya. T1 da T2 tana cikin furostet, T3 ta fasa bangonta, T4 ta taɓa maƙwabta kamar mafitsara ko dubura. Wannan kansar idan za ta yi tafiya, ƙashi ta fi so, musamman ƙashin baya da na ƙugu, shi ya sa ake tura wanda lambobinsa suka yi sama ya yi hoton ƙashi ko CT. Idan PSA bai kai 10 ba, maki 6, cutar tana ciki, haɗarin ƙarami ne. PSA 10 zuwa 20 ko maki 7, matsakaici. PSA sama da 20, ko maki 8 zuwa sama, ko ta fasa bango, babba. Na Kawu 13 ne, 3+4, tana ciki, ƙashi lafiya lau. Matsakaici ke nan.

Zaɓen magani

A nan nake so mai karatu ya tsaya da ni sosai. Ranar da aka faɗa mana, 'ya'yan Kawu suka ce a yanke ta gobe-gobe, a sayar da gona in ta kama. Wani ɗan'uwa kuma ya ce kada a yarda a taɓa, ƙarfe yana taɓa daji yake bazuwa, ya san mai magani a wani ƙauye. Duka biyun tsoro ne ke magana. Tiyata ko allurar bayofsi ba sa watsa wannan cuta. Abin da ya sa ake ganin haka shi ne yawancin mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai ta riga ta bazu. Gaggawar ma ba ta da wuri, domin kansar furostet da ke cikin gidanta tana ba mutum makonni ya yi tunani, ya ji ta bakin likita fiye da ɗaya, ya yi istihara.

Akwai wani babban bincike da aka yi a Birtaniya mai suna ProtecT. An ɗauki maza 1,643 da cutarsu ba ta fita daga furostet ba, aka raba su uku: wasu tiyata, wasu gashi da hasken na'ura, wasu sa ido kawai. Da aka fitar da sakamakon shekara 15 a 2023, kusan 97 cikin 100 ba su mutu da cutar ba, ko wane rukuni suke. Bambancin da aka gani shi ne yaɗuwa: wajen 9 cikin 100 a masu sa ido, wajen 5 cikin 100 a waɗanda aka yi wa magani. Sai dai a lura, waɗannan mutane ne da aka gano tasu da wuri ta gwajin jini, yawancinsu masu ƙaramin haɗari ko matsakaici, kuma kusan dukkansu Turawa ne. Ba hujja ba ce ga mai maki 9 ya zauna a gida. Nelson Mandela an yi masa gashi a 2001 ya rayu har 2013. Desmond Tutu an gano tasa a 1997, ya kai 2021.

Sa ido shi ne zaɓin farko ga mai ƙaramin haɗari. Ana auna PSA duk bayan wata uku zuwa shida, a sake hoto ko bayofsi lokaci-lokaci, in cutar ta motsa a shiga magani. Ra'ayina a kan wannan a ƙasarmu shi ne, ya dace ne kawai da mutumin da zai riƙa komawa. Wanda ya san in ya bar asibiti yau sai ciwo ya kayar da shi zai dawo, ko garinsu ya yi nisa da inda ake gwajin, to ya faɗa wa likita haka ƙarara, domin sa idon da ba a zuwa awo sakaci ne.

Tiyata ita ce cire furostet gaba ɗaya. Ta fi dacewa da mai sauran ƙarfi wanda ba shi da ciwon zuciya mai tsanani. A bambanta ta da kankarar furostet da ake yi don buɗe hanyar fitsari. Wannan ba ta cire kansa. Bayan tiyata ana zama da roba mako ɗaya zuwa biyu, sannan yawancin maza suna fama da ɗigar fitsari na makonni ko watanni, kaɗan daga ciki ya zame musu na dindindin. Jijiyoyin da ke tayar da gaba a jikin furostet suke manne, don haka raunin mazakuta abu ne da ke faruwa da yawa, ko da likita ya yi ƙoƙarin tsallake su. Maniyyi kuma ba zai sake fita ba, wato haihuwa ta hanyar da aka saba ta ƙare. Mai amarya ko mai son ƙarin 'ya'ya ya san wannan tun kafin ya sa hannu. Ka tambayi likitan kai tsaye sau nawa yake yin irin wannan aikin a shekara. Ba rashin ladabi ba ne, gwanintar hannu tana da tasiri a sakamakon. Maganar ɗigar fitsari da salla kuwa, ita ce ta fi damun Kawu fiye da komai. A mazhabar Malikiyya fitsarin da ke zuba ba da ikon mutum ba, in ya kai rabin lokaci ko fiye, ba ya karya alwala. Mutum ya zauna da malaminsa ya yi masa bayani daidai da halinsa.

Gashi kuma haske ne mai ƙarfi da na'ura ke aikawa daga waje ya ƙone ƙwayoyin cutar. Ba wuta ba ce, ba a jin komai lokacin da ake yi, kowane zama mintoci ne. Ana yi Litinin zuwa Juma'a, ko dai zama 20 cikin mako huɗu, ko 37 zuwa 39 cikin kusan mako takwas. Kullum za a ce ka zo da mafitsara cike da hanji a sake, domin furostet ta zauna wuri guda. Yana kawo gajiya, yawan fitsari da zafinsa, gudawa ko jini a bayan gida, raunin mazakuta kuma a hankali yake zuwa cikin shekaru. Matsalarsa a wajenmu na'urorin kaɗan ne. A Arewa an san cibiyoyin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. A Nijar cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai ta fara gashi a 2021. Kafin ka ɗaure kaya ka tabbatar na'urar tana aiki, ka san tsawon layi, ka kuma tanadi masauki na wata ɗaya ko biyu, domin ba a son a fara a yanke.

Na huɗu shi ne maganin da ke yanke wa cutar abinci. Wannan kansar da sinadarin mazakuta, testostaron, take girma; Charles Huggins ya nuna haka a 1941, abin da ya ba shi kyautar Nobel a 1966. Ana tsayar da sinadarin da allura irin goserelin, wadda aka fi sani da Zoladex, a fatar ciki duk wata ko duk wata uku. A makonnin farko ana haɗawa da ƙwayar bicalutamide, saboda allurar takan ɗaga sinadarin na ɗan lokaci kafin ta kwantar da shi. Ana ba da ita wata huɗu zuwa shida tare da gashi ga mai matsakaicin haɗari, shekara ɗaya da rabi zuwa uku ga mai babban haɗari, ga wanda tasa ta bazu kuwa har iyakar rayuwa. Tana kashe sha'awa, tana kawo zafin jiki da gumi mai tasowa farat ɗaya, ƙiba, raunin ƙashi, kuma mai ciwon suga ya ƙara lura da awonsa. Tafiyar ƙafa kullum tana rage da yawa daga cikin wannan.

Akwai hanya ta biyu ta cim ma wannan buri, wato ƙaramar tiyatar cire 'ya'yan maraina. Na san yadda maganar take sauka a kunnen namiji, na ga dattijo ya tashi ya bar ɗakin likita saboda ita. Amma ga wanda cutarsa ta bazu, wanda zai buƙaci allura har ƙarshen rayuwa, aikinsu ɗaya ne, illolinsu kusan ɗaya ne, kuma ita sau ɗaya ake biya. Na ga iyalai sun sayi allura wata uku, kuɗi ya ƙare, aka tsallake wata biyar, cutar ta dawo da ƙarfinta. Wanda ya san aljihunsa ba zai ɗauki allurar shekaru ba, ya saurari wannan shawara da zuciya ɗaya. Ba ta komawa baya, wannan gaskiya ne, shi ya sa ba a yin ta ga mai buƙatar maganin 'yan watanni.

Ko cutar ta kai ƙashi, ba a ce an gama ba. Ba a warkar da ita, amma ana riƙe ta shekaru, musamman yanzu da ake ƙara wasu magunguna tun farko, kamar docetaxel da ake sawa ta ƙarin ruwa sau shida, duk bayan mako uku, ko ƙwayoyin abiraterone da enzalutamide. Gashi zama ɗaya ko biyar yana kwantar da ciwon ƙashi sosai. Abu guda ne nake roƙon kowane mai jinya ya haddace: sabon ciwon baya mai tsanani, tare da nauyin ƙafafu ko dindiris, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, alama ce cutar ta danne lakar baya. A kai shi asibiti a ranar, ba wajen mai ɗori ba, ba wajen mai tausa ba. Sa'o'i ne tsakanin ya ci gaba da tafiya da ƙafarsa da ya kwanta ke nan.

Kuɗi kuwa, a yi maganarsa a fili tun farko. Ka ce wa likita ya lissafa maka abin da kowace hanya za ta ci daga farko har ƙarshe, har da mota da masauki. Mai inshorar lafiya ya bincika abin da take ɗauka. Gwamnatin Tarayya tana da asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu kansar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet, wanda aka fara da wasu manyan asibitoci ciki har da na Shika da Gwambe da Abuja. Ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin shi ne wurin tambaya. Masu tallar maganin gargajiya a lasifika da rediyo da ke cewa suna narkar da furostet cikin kwana bakwai, abin da suke cinyewa ba kuɗi kaɗai ba ne, har da watannin da cutar take da sauƙin magani. In mutum yana shan wani jiƙo, ya faɗa wa likita, domin wasu suna wahalar da ƙoda da hanta.

Kawu ya ga likitan tiyata, ya ga likitan gashi, kowanne ya yi masa bayanin nasa. Daga nan ya ce a ba shi mako biyu. Ya kira matarsa ɗaki suka rufe ƙofa, domin duk abin da maganin zai taɓa, rayuwarsu ce su biyu, kuma ita ce ta ce a kai ta wajen likitan ta yi nata tambayoyin. Yana da hawan jini, shekarunsa 66, kuma ɗigar fitsari ita ce abin da ya fi gudu saboda limancin masallacin unguwa da yake taɓawa. Ya zaɓi gashi da allurar wata shida. Da tiyata ya zaɓa, da PSA ɗinsa ya kamata ya faɗi har na'ura ta kasa ganinsa cikin makonni, kuma in ya kai 0.2 a fara bincike. Bayan gashi lambar a hankali take sauka, wani lokaci fiye da shekara, kuma likita ba ya damuwa sai ta haura mafi ƙanƙantar inda ta taɓa sauka da maki 2. Na rubuta masa wannan a bangon fayil ɗinsa da jan biro, don kada ɗan motsin lamba ya hana shi barci.

Yanzu duk wata shida muke zuwa awo. Ya sa ƙannensa maza biyu sun je an ɗebi jininsu, babban ɗansa kuma ya cika 45 a bana, ya riga ya karɓo masa kati.